Kayan Aikin da Ta Wanke Shekara Ashirin

Ranar da Auta ta kawo jaririyarta gida, kowa ya ɗauke ta, har maƙwabciyar da ba sa ga-maciji da ita, amma ban da kakar yarinyar. Maman Auta tana can ɗakin ajiya na bayan gida, tsakanin mataccen keken ɗinki da tsofaffin bokitai, ta leƙo ta 'yar taga tana toshe tarinta da gefen zani don kada a ji. Wata bakwai ke nan da aka mayar da ita can. An ware mata kofi, an ɗaura wa cokalinta jan zare, abinci kuwa a bakin ƙofa ake dire mata kamar wadda ta yi kisan kai. Mijinta Dogo yana tsaye a tsakar gida da jikarsa a hannu, suka haɗa ido ta tagar nan, sai ya kawar da kai... Wallahi ya kawar da kai!

Duk wannan aikin Yaya Babba ne, yayar Dogo, wadda ta dawo gidan tun rasuwar mijinta ta zama ita ce wuƙa ita ce nama. Da tarin ya fara, numfashi ya soma gagarar baiwar Allah ko shara ta yi, Yaya ta yanke hukunci ba tare da likita ba. "Tarin fuka ne, gadon gidansu ne, ɓoye mana aka yi! Asibiti kuma ba za a je ba, a tona mana asiri a banza." Ita da ke tsoron tonon asiri, ita ce ta bi layi gida-gida tana raɗa, har mai kanti ya daina karɓar saƙo daga gidan sai da leda a hannu.

"Yaya, don girman Allah," in ji Maman Auta ta taga, muryarta tana yankewa, "ko ƙafarta ce a miƙo mini in taɓa..."

"Ki taɓa wa? Kin gama da kanki, yanzu jinjira kike so ki ja? Ke dai ba ki da tsoron Allah!"

Auta ta fashe da kuka. Dogo ya miƙa wa Auta jaririyar, ya ja baya. Ƙaton mutum mai ɗaga fallen rufi shi kaɗai, amma gaban yayarsa ya zama kazar da ruwa ya daka. Maman Auta ta ce, "Ba komai, Allah yana gani," ta saki labule. Ba a jima ba aka ji faɗuwarta, bokitai suka watse. A ranar ne Dogo ya yi abin da ya kamata ya yi tun wata bakwai: ya tsallake Yaya da ihunta, ya sunkuci matarsa sai asibiti.

Bayan kwana huɗu na gwaji da hoton ƙirji, likita ta zaunar da shi. Ta ce babu tarin fuka ko ɗigo, ciwon nan ba a ɗaukarsa, ko da kofi ɗaya aka sha. Huhun ne ya yi tabo, irin wanda ƙurar asbestos, wani ma'adini da ake haɗa fallayen rufi da shi, ke yi. "Baba, a ina ta yi aiki?"

"Ita? Ba ta taɓa aiki a waje ba. Ni ne na yi shekara ashirin a masana'antar rufi da silin na asbestos, ina yanka ina gogewa. Kaya ne mai kyau, likita, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, yana tare zafi..."

"Haka ne, muddin ba a fasa shi ba. Amma ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, sai ta yi shekaru ashirin ko talatin kafin ta nuna kanta. Kai ma za mu duba ka. Wa ke wanke maka kayan aiki?"

Innalillahi! Dogo ya dafe kai. Ya tuna akwai wurin wanki a masana'antar, ana cewa kowa ya bar kayansa can. Ya tuna ranar da Yaya ta zo ziyara suna sabon aure ta ce, "Kana da mata a gida ƙarti su riƙa yi maka wanki? Ai abin kunya ne, za a ce ka auro raguwa." Tun daga ranar yake naɗo kayan a jaka. Ya tuna matarsa kowace yamma tana kakkaɓe su a bayan ɗaki, ta kori Auta ciki don kada ƙura ta ɓata mata kitso, farar ƙura ta tashi ta sauka a girarta, shi kuwa yana dariya yana cewa, "Tsohuwata, har kin yi furfura?" Ita ma ta yi dariya. Ashe da hannunsa yake kawo mata ciwo a jaka, kullum, shekara ashirin, sannan ya tsaya yana kallo aka ɗaura wa cokalinta jan zare.

Ya shiga ɗakin da aka kwantar da ita, ya durƙusa gaban gadon yana kuka kamar yaro. "Ni ne, Maman Auta. Ba gadon gidanku ba ne, kayana ne. Na cuce ki sau biyu... Ki yafe mini, ko da yake ni ba zan yafe wa kaina ba."

Ta daɗe tana kallon silin, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Ba ta tambayi ko za ta warke ba, don likita ta riga ta gaya mata tabon ba ya gogewa, sai dai a lallaɓa shi da magani. Abu ɗaya ta tambaya: "Baban Auta, ke nan zan iya ɗaukarta?"

Da suka dawo, ma'aikatan lafiya suka biyo su duba gidan. Ina aka sami asbestos? A ɗakin Yaya Babba! Fasassun fallayen da ta matsa wa Dogo ya kwaso mata tun da can, ta yi silin da su, ga su nan sun tsufa suna zubar da gari. Aka rufe ɗakin, aka ce ba mai kwana ciki sai an cire su. Dogo kuma ya tara mutanen layi ya faɗi gaskiya da bakinsa, bai rage laifinsa ba, bai rage nata ba.

Yaya ta ɗauki ƙullinta tana borin kunya, wai ita ba ta rasa wurin zuwa ba. Ta ƙwanƙwasa gida biyar. Wasu suka ce ba sa ajiye mai sharri. Wasu kuma, waɗanda maganarta ta riga ta zauna musu, suka ce daga bayan ƙofa, "Ai ke kika ce mana gidanku akwai ciwo." In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere! Kafin la'asar ta dawo, ƙafa duk ƙura, babu sauran wuri a gidan sai ɗakin ajiyar nan na baya.

Maman Auta tana zaune a tsakar gida, jikarta a ƙirji, tana shinshinar kanta tana numfashi a hankali. Dogo yana gefe yana kwance jan zaren cokalinta. Ta ɗago ta ga Yaya ta nufi ɗakin ajiya kai a sunkuye.

"Auta, shimfiɗa wa gwaggonki a ɗakina," in ji ta. "Can babu iska. Na sani."