Farin Zare a Kan Shuɗin Yadi

Muhsinat na zaune a tsakar gidansu a unguwar Gwange, shuɗin yadi a cinya, ta rafka tagumi. Yayarta Ammatullahi ta leƙo.

"Ke kuma lafiya?"

"Ina fa lafiya, Yaya! Ya Turai ce ta aiko. Wai in ɗinka bargo da hannu, auduga a tsakiya, kafin ta bari manya su zo neman aurena."

Ya Turai ita ce mahaifiyar Abdulnasir, saurayin Muhsinat. Kaf unguwarsu ta Bulabulin babu mai ja da ita a ɗinkin bargo, kuma ta rantse ɗanta ba zai auri wadda ba ta san allura ba, ko da digiri goma gare ta.

"Wannan ai simful ne," in ji Ammatullahi. "Sa shuɗin zare, kala ɗaya da yadin. Ko ɗinkin ya karkace, wa zai gani?"

Abdulnasir ma da ya kira, haka ya ce. "Filis, Muhsinat, kar ki ja mana! Mama fa ba ta ɗaga ƙafa."

Sai da ta sha kuka, don tana son shi sosai. Amma gari na wayewa ta ɗauko farin zare.

"Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na rufe ta yau, gidanta fa zan zauna."

Sati uku tana fama, yatsu duk huji. Layukan farko kuwa, kai, sai ka ce sawun kaza! Ko ɗaya ba ta warware ba.

Ranar da ta kai, Ya Turai ta baza bargon a tabarma, ta sa tabarau.

"Wa ya ce ki sa fari a kan shuɗi?"

"Ni ce, Mama. Don ki ga iyakar abin da na iya."

"Nan ɓarna. Nan ma ɓarna." Yatsan tsohuwa ya gangara tsakiya, ya tsaya. "Nan kuma hannu ya faɗa."

Ta ɗago ta dube ta.

"Shekara talatin ina koyar da 'yan mata, kowacce ɓoye min kuskurenta take yi. Abdulnasir! Je ka ce wa su kawunka su shirya, Juma'a za su Gwange!"

Muhsinat ta rufe fuska, hawayen daɗi na zuba. Da haƙuri da gaskiya ta sami mijinta, ta kuma sami uwa. Wanda bai ɓoye gazawarsa ba, shi ake yarda da ƙoƙarinsa.