Tantin Gidan Maliki

Dutse na farko ya faɗo ne ana kiran magariba. Habiba na bakin murhu tana kwashe tuwo, 'yarta Safara'u na ninke shanya, sai suka ji ƙara a jikin ƙofar sito. Habiba ta ce yaran Unguwar Kanawa dai ba sa jin magana. Wani dutsen ya biyo, wani ya sake biyowa, kuma duk a ƙofar nan suke sauka. Da ta ɗauki ɗaya ta haska da fitilar ƙwai, sai ta gan shi jiƙe, sumul, da gansakuka a jikinsa. Ta yar da shi, ta goge hannu a zani.

Ta san inda ta ga irinsa. Mijinta Maliki ma'aikacin gwamnati ne, ya je kwas Ingila ya dawo da tsaraba biyu: koren tanti da raina mutane. A hutun damina ya loda su a Fijo ya kai su wani gandun daji na gwamnati, bakin tafki, wai su kwana su sha iska yadda Turawa ke yi. Habiba ta ce ita ba ta taɓa jin mai ɗaki ya bar ɗakinsa ya je ya kwana a tsakar gidan wasu ba. Ya yi dariya. Suka gasa kifi, ruwa ya kwana yana dukan tantin. Da safe hadari ya sake haɗowa, Maliki ya shige mota yana danna ham. Habiba ko tabarma ba ta naɗewa a waje sai ta karkaɗe ta, ta nemi gafarar masu wuri, haka kakarta ta koya mata. Ran nan ta naɗe tantin a jiƙe, a gurguje. Suna isa gida ta cusa shi a sito, ta ja ƙofa da bismilla, ta datse kwaɗo.

Daga ranar jifan farko, magariba ta daina zuwa gidan ita kaɗai. Da rana ta faɗi sai kaji su yi tsit, sai duwatsu, sai wata murya ta mace tana zagaya katanga, tana kiran wani suna da harshen mutum ba ya iya riƙewa. Ba tsawa take ba. Kira take irin na uwa idan abinci ya fara hucewa.

Safara'u, wadda ke aji biyu a sakandare, ita ta fara cewa akwai yaro a cikin sito yana kuka. Maliki ya kara kunne a ƙofar, ya ce ɓeraye ne, ya karɓe makulli ya sa a aljihu, domin a ganinsa buɗewa tamkar ya yarda da camfi ne. Habiba kuwa tsoro ya gaya mata cewa mugun abin a ciki yake, gara ya zauna a rufe. Har ta rataya laya a saman ƙofar. Tun da aka ɗaura musu aure ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba sai wannan, kuma ita ce ta cuce su.

Yarinya ta daina cin abinci. Da magariba ta yi sai idonta ya juya, ta rarrafa ƙofar sito tana yaƙushin katako har farcenta suka ɓalle. Suka ɗaure ta da zani a ƙafar gado. Maliki ya kai ta asibiti aka yi mata allurar barci, ya gargaɗi Habiba kada maganar ta kai kunnen abokan aikinsa. Mutumin da 'yarsa ke narkewa a gabansa, abin da ya dame shi a ce a ofis gidansa akwai iska.

Wata yamma ba a yi jifa ba. Safara'u ta ɗago kai daga inda take ɗaure, ta ce a hankali, "Umma, ya yi shiru." Sannan ta ƙwala wata ƙara da ta fito da maƙwabta waje. Washegari Habiba ba ta nemi izinin kowa ba, ta aika wa yayanta Garba, ya je Rafin Guza ya taho da Malam Lawan.

Malam tsoho ne siriri, ba ya gaggawa. Ya yi sallar magariba a tsakar gida, ya sa aka kwance yarinyar, ya zauna gabanta ya fara karatu. Maliki na tsaye daga nesa, hannu a aljihu. Karatu bai yi nisa ba jikin Safara'u ya sandare, muryar da ke zagaya katanga ta fito daga bakinta, a dushe.

"Ka daina ƙona ni, Malam. Na riga na ƙone."

Ya tambaye ta ko ita wace ce, me ya haɗa ta da 'yar mutane. Ta ce bakin tafki take zaune, ita da ɗanta guda. Daren da aka yi ruwa ɗan ya ga tantin, ɗaki mai ɗumi, ya shiga ya kwanta a kusurwa, da safe aka naɗe da shi. Ta biyo motar har nan, ta tarar an rufe ƙofa da sunan Allah, ba ta da ikon buɗewa. Ta yi jifa don su duba. Ta yi kira don ya ji tana kusa. Da abin ya gagara ta ari hannuwan yarinyar, sai suka ɗaure hannuwan.

Habiba ta zube ƙasa tana salati. Malam ya juya ya dubi Maliki, ya miƙa tafin hannu. Maliki ya daɗe kafin ya ciro makullin.

Da aka warware tantin a tsakar gida, wari na laka da ruɓa ya tashi. Ba su ga komai ba sai wani tabo mai duhu a kusurwa, bai wuce faɗin faifai ba. Safara'u ta rarrafa ta kwanta a kansa, tana rarrashi ƙasa-ƙasa. Babu wanda ya iya kallonta.

Da ta ɗago sai muryar ta ce ɗa da ɗa ake biya, da yarinyar za ta tafi. Malam ya ce ba da gangan aka yi ba, kuma a duk gidan yarinyar ce kaɗai ta yi ƙoƙarin buɗewa. Idan ta ɗauke ta, ita ce azzaluma, kuma zai ci gaba da karatu har ɗayansu ya faɗi. Daga bisani muryar ta ce a ba ta tantin ya zama likkafani, kuma mai gidan ya mayar da shi bakin tafki da hannunsa, ya binne, ya yi sallama kafin ya juyo. Maliki ya buɗe baki, Malam ya riga shi, ya ce an yarda.

"Na bar muku ita," in ji muryar. "Amma abin da kunnenta ya ji, ba ni da ikon cirewa."

Safara'u ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Maliki ya kai tantin washegari. Ya dawo da laka har gwiwa, a ofis kuma ya ce zazzaɓi ne ya taɓa wa 'yarsa kai. Safara'u ta warke, farcenta suka tsiro a karkace, ta koma makaranta. Amma dariyarta ba ta dawo ba, kuma ba ta sake kwana a ɗaki rufe ba. Habiba ta yi ta jiran ranar da yarinyar za ta tambayi abin da ya same ta, ta shirya ƙaryar da za ta faɗa. Ashe babu abin da ta manta. Wata magariba suna tsince shinkafa, Safara'u ta dubi ƙofar sito, ba ta dubi uwarta ba, ta ce:

"Umma, da ni ce a ciki, za ku buɗe?"

Habiba ta ce ƙwarai kuwa. Yarinyar ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar shinkafa, kuma su biyun sun san ba ta yarda ba.