Duwatsun Kabarin Doki

A hanyar Gwaram akwai tarin duwatsu inda aka binne dokin da ya fitar da mahayinsa daga ruwan kiban Ningawa, ya kai shi gida, sannan ya faɗi. Duk mai wucewa sai ya ƙara dutse. Badaru kuwa cewa ya yi dutse dai dutse ne, ya kwashi uku ya zuba a kwando don murhun matarsa.

Bayan isha'i yana tafe da kwandon a ka, sai ya ji huci mai ɗumi a ƙeyarsa, ga warin gumin doki, amma babu ƙarar kofato.

"Malam, mayar masa da kayansa," in ji wani tsoho a gefensa, riƙe da ragama. "Na kasa tsayar da shi."

Badaru ya waiga. Ga linzami nan tsaye cikin iska, ana ta taunarsa.