Littattafai a Saman Rumfa

Sufeto Zulkifli bai gama shayinsa na safe ba Malama Khaula ta faɗo ofis. Ita ce shugabar laburaren jama'a na yankin Sabha, can ƙasar Larabawa, mace mai shirun tsiya, amma ranar dai shirun ya ƙare.

"An kwashe littattafan motarmu, Sufeto. Ko ɗaya ba a bari ba."

Motar kowa ya san ta. Farar bas ce mai kantoci a ciki, tana zagaya unguwanni da gonaki tana ba da aron littattafai. A shekarun nan da aka buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, Khaula ta yi ta naci har aka zuba na Hausa da na Faransanci saboda leburori.

"Manya sun ce in ta tabbata baƙi ne suka sata, motar ta daina zuwa unguwar Mahdiya da gonaki har abada," in ji ta.

Maganar ta sosa wa Zulkifli rai, don mahaifiyarsa ma 'yar Damagaram ce. Ya ɗauki hularsa.

Direban motar, Abdulkarim, ƙaton mutum ne mai arhar rantsuwa.

"Wallahi jiya a hanyar Tamanhint na tsaya la'asar. Ina sallamewa na hango wani baƙo yana gudu da kaya, ya shige gonar dabino."

"Mutum ɗaya ya kwashe mota guda kafin ka idar?"

"Ai ni ina da doguwar sujada, Sufeto."

Zulkifli ya leƙa motar. Sai ƙamshin sabulu da turare ke tashi.

"An yi maka sata, kai kuma ka hau wanki?"

"Tsabta cikon addini ce."

Sufeto ya durƙusa ya duba. A ƙasan wata kanta, inda tsumma bai kai ba, ya ga shuɗin fenti ya goga.

A gonar dabinon suka tarar da wani dattijo ɗan Tawa, Moumouni, yana ban ruwa. Da ganin kaki ya dakata da aikin.

"Ban ga komai ba, ranka ya daɗe," in ji shi da guntun Larabcinsa. Amma idonsa sai komawa yake saman rumfa.

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya hau, ya sauko da ƙunshin farin ƙyalle, cike da littattafai. Ya zaro ankwa.

"Mai da ita," in ji Zulkifli. "Ɓarawo ƙasa yake binne kaya. Wannan sama ya ɗaga."

Sannan ya juya harshe zuwa Hausa. "Baba, gaya mini gaskiya."

Dattijon ya saki baki yana kallonsa, idonsa ya ciko.

"Ɗana, tsoro ya sa ni ƙarya. A bayan garken maƙwabcinmu muka tsince su, a zube cikin kashin tumaki. Rubutun Arabiyya ne, wa ya sani ko da sunan Allah a ciki? A garinmu ko yagaggiyar takarda ba a barinta a ƙasa. Muka goge su, muka ɗaga."

"Me ya hana ku kawo ofishinmu?"

"Baƙo da kayan gwamnati a hannu? Wa zai saurare ni?"

"Na Hausan fa?"

Moumouni ya sunkuyar da kai. "Suna wurin Inoussa, abokin aikina. Shi ya yi lakwal, wato boko, yana karanta mana in mun huta. Akwai wani labari mai daɗi, sai dai rago ya cinye ƙarshensa."

Zulkifli ya taka zuwa garken. Babbar salla ta ƙarato, raguna maƙil, kowanne da shuɗin fenti a gadon baya. Ya tambayi makiyayin ko garken na wane ne. Na surukin Abdulkarim ne.

A unguwar Abdulkafi suka sami direban a ƙofar gidansa yana ba wani rago dusa.

"Rago ya yi kyau," in ji Sufeto. "Launin bayansa ma irin na cikin motarka."

"Kasuwa na saya, wallahi."

"Makiyayin surukinka yana cikin motarmu. In kira shi ya gaishe da ragonsa?"

Kwanon dusar ya suɓuce. Abdulkarim ya zauna a dakali, rantsuwa ta ƙare.

"Raguna na kai masa kasuwa, ya ba ni wannan. Na sauke littattafan da niyyar in dawo in kwashe. Da na dawo ban tarar da komai ba, hankalina ya tashi."

"Sai ka nemi wanda ba shi da kowa ka ɗora masa. Da an kora dattijon nan gida da sunan ɓarawo, an kuma rufe wa dubban mutane ƙofa, duk saboda rago ɗaya. Tashi mu je."

Kofur ya sake zaro ankwa. Wannan karon ba wanda ya hana shi.

Bayan salla farar bas ta tsaya a bakin gonar dabino, da sabon direba. Zulkifli ya biyo su, wai tsaro, alhali so yake ya gani da idonsa. Leburori suka yi layi suna goge hannu a riga.

"Baba, wanne za ka ara?" Khaula ta tambaya, Sufeto yana fassarawa.

"Ni ban iya karatu ba, 'yata."

Ta sa hannu a jaka ta fito da sabon kwafin labarin da rago ya ci, ta miƙa masa. Moumouni ya karɓa da hannu biyu, ya juya bayansa ya tabbatar shafukan ƙarshe suna nan, sannan ya waiga cikin gona.

"Inoussa, ajiye shebur ɗin nan ka zo. Yau za mu ji yadda ta ƙare."