Tandun Man Kajiji

Tabassum ta ajiye wa surukarta Ammi shayi da gurasa, ta ja gefe ta tsaya. Waya na kunnen Ammi, kuma daga yadda tsohuwar ke lanƙwasa murya an san ɗanta Nafis ne, mijin Tabassum, daga Dubai.

"Ammi, a ba ni in gaishe shi mana."

"Ya ce yana bizi," in ji Ammi, ta kashe wayar ta danne da cinya.

Haka ake yi tun da ya tafi aiki a shagon turare. Ammi ta kasa yafe masa auren 'yar masu haƙar kajiji a bakin kogi, alhali ga 'yar wanta, wadda ubanta ya fi kowa tukwanen tace turare a unguwarsu da ke garin Kannauj. Tabassum na matsowa sai Ammi ta toshe hanci, wai warin taɓo. Tabassum ita kaɗai take cin abinci, ita kaɗai take kukanta, kaɗaici kuwa ya ci ta har wuya ya fito.

Abokin hirarta ɗaya ne, wani tandun fatar raƙumi. Dab da tafiyar Nafis suka tace man kajiji tare, daga saiwar da babanta ya haƙo. Nafis ya ɗura ya ce, "Ki riƙa kai shi rana, fatar za ta fitar da ruwan ciki. A inuwa lalacewa zai yi." Tsakar gidan ba ya samun rana, don haka kullum da hantsi take hawa saman soro, tana juya tandun tana ba shi labari kamar mai kunne.

Ammi ta san abin da ke kai ta sarai. Duk da haka ta ce wa ɗanta, "Matarka ta tare a saman soro, ga ɗan maƙwabta mai tattabaru. Ni dai na faɗa."

Sai ga Nafis ba sanarwa, fuska a murtuke.

"Tana sama," in ji Ammi. "Je ka gani, ka sallame ta mu huta."

Ya same ta durƙushe cikin rana, ta rame.

"Wa kike jira a nan?"

"Wa kuwa? Rana nake bi," ta ce, ta miƙa masa tandun.

Wallahi ya ma manta da shi. Ya ɗiga a bayan hannu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohon itace ya tashi, garau, ba alamar ruwa. A gidan turare aka haife shi. Ya san mai ba ya kaiwa haka sai ya sha rana ba fashi.

"Sori, Tabassum. Ni na sa ki, kuma na..."

"Shi kaɗai ke saurarona a gidan nan," ta ce, hawaye na zuba.

Ya sauka ya durƙusa, ya shafa man a hannun uwarsa. "Ammi, ke kika koya mini shinshina. Ƙarya yake?"

Ta daɗe hannu a hanci, sannan idonta ya kawo ruwa. "Mai ba ya ƙarya. Ni na yi. Kira mini 'yata."

Ranar a faranti ɗaya suka ci, Ammi na tura mata nama. Kwaɗayi ya so raba auren nan, haƙurin Tabassum ya riƙe shi. Kada miji ya yanke wa matarsa hukunci daga nesa, ko da daga bakin uwarsa ya ji.