Ruwan Taliya a Gindin Marke

Anime ne ya ja min, wato katun ɗin nan na Japan. Kullum sai in ga yara sun kafa tanti a bakin ruwa, suna dafa taliya cikin kwanciyar hankali, nima na ce sai na ɗana. Na taso takanas daga Maraɗi zuwa Gwarzo, saboda abokina Zainulabidin ya rantse zai raka ni. Da na iso sai ya ce wai biki ya taso masa. Haushi ya sa na hau babur ni kaɗai.

Dab da magariba na sami wani marke a bayan garin Garo, kusa da fadama. Tantin ya ƙi tsayuwa. Sauro ya ce salamu alaikum. Wayar kuma ko sandar sabis ɗaya babu. Na dafa taliyar ina tsaki, na tsiyaye tafasasshen ruwan a gindin bishiyar. Ko bisimilla ban yi ba, abin da Innata ta sha ja min kunne a kai.

Ƙasar ta yi cuuu. Kwaɗin fadama suka yi tsit.

"Salamu alaikum, baƙo."

Wani dattijo ne da farar riga, bayansa wata mata da goyo. Ya ce sunansa Dabo, matarsa kuma Uwaliya, nan gidansu yake. Na waiga, ban ga ko bukka ba.

Suka durƙusa suka shiga gaisuwa. Ya hanya, ya gajiya, ya mutanen Nijar, ya damina. Taliyata tana hucewa, ni kuwa kamar in yi ihu. Ga fara'a, ga ladabi, ba damar korarsu.

Goyon ya yi wani siririn kuka.

"Ba shi da lafiya ne, Inna?" na tambaya.

"Da sauƙi," ta ce a hankali. "Ruwan zafi ne ya zubo masa daga sama, yana barci."

Ta kwanto shi. Zanin a jiƙe yake, yana tururi. Warin taliyata ne ke tashi daga jikinsa.

Na ja da baya.

"Ba komai, ɗana," in ji Dabo, yana murmushi. "Baƙo ne kai, ba ka sani ba. Riƙe mana shi mu samo magani."

Na san in na karɓa, na gama komawa gida. Amma hannuna ya miƙe da kansa.

Wasu 'yan yatsu suka fito daga zanin, suka cafke min wuyan hannu.

Zafi kamar garwashi.

Sai kiran salla ya taso daga Garo. Riƙon ya sassauta. Na fizge, na faɗa kan babur ina a'uziyya, na bar musu tanti da tukunya. Ina jin Uwaliya a bayana tana cewa, "Ka gaida gida!"

Na koma Maraɗi da shatin yatsun a hannuna. An yi tofi, an shafa magani, ya ƙi ɓacewa. Yanzu ko ruwan shayi ba na zubarwa sai da bisimilla.

Jiya da magariba ina ɗaki, aka yi sallama ta taga, a hankali, cikin ladabi.

"Lukuman, ya hannu?"

Muryar Uwaliya ce. Ban taɓa gaya musu sunana ba.

"Yaro dai ya warke, har ya fara rarrafe. Tun safe ya fito nemanka."