Karsanar Zulaihat da Hatimin Gida

Zulaihat na tankaɗe a tsakar gida, mijinta Abdulmumini ya shigo yana kaɗa takarda, baki har kunne. Ƙanin mahaifinsa, Baba Datti, ya sayar musu da gidansa na Unguwar Tudu, an biya, shaidu biyu sun sa hannu.

"Alhamdu lillahi! Saura ofishin haraji, a biya kuɗin hatimi," in ji ta. "Takardar da ba hatimin gwamnati ba ta da ƙarfi ranar rigima."

Surukarta, Inna Indo, ta dangwarar da buta. "Rigima da wa? Datti da ya yanka ragon sunan mijinki kike zargi? Mu nan ba ma kai ɗan'uwa ofis!"

Gogan naka, da kullum yake rantsuwa ba shi da kamar matarsa, sai ya ninke takardar ya je ya ajiye a akwatinsa.

Ranar kasuwa Zulaihat ta sa aka sayar da karsanar da mahaifinta ya ba ta, ta kai takardar ofis a ɓoye, ta biya da kuɗin aka buga hatimi, ta mayar cikin akwatinsa. Da zancen ya fasu, Inna ta ce sai Zulaihat ta bar gidan.

Abdulmumini ya ce, "Ki je gidanku Masanawa, hankali ya kwanta tukuna —"

"Har da kai, Yaya?"

Wata bakwai tana gidan iyayenta, ba aike ba waya. Ta yi kuka har ta gaji, amma ba ta nemi saki ba.

Sai Baba Datti ya rasu. Tun kafin sadakar arba'in 'ya'yansa suka sa gidan cikin gado, wai aro ne. Aka je kotu. Shaida ɗaya ya rasu, ɗayan ya ce ya manta. Alƙali ya duba hatimin da kwanan watansa, ya bar wa Abdulmumini gidansa.

Abdulmumini ya zo biko tare da Inna, tana share hawaye da mayafi. "Ki yafe mana, 'yata."

"Na yafe, Inna." Ta dubi mijinta. "Zan koma, don ina sonka. Gida kam hatimi ya tsaya masa. Ni ranar da aka kore ni, wa ya tsaya mini?"



Wanda ya sayi gida, ko a hannun ɗan'uwa, ya biya hatimi, kuma namiji ya tsaya wa matarsa in tana kan gaskiya. Haƙuri ya mayar da Zulaihat ɗakinta, amma karsanar ba ta dawo ba, wata bakwai ɗin ma haka.